Wutar da Ruwa Ke Ɓoyewa

A matsayar ƙananan jiragen ruwa ta Amurka, inda jirgi kan jona waya daga tudu ya sami wuta yana tsaye, an daɗe da lura da wata irin mutuwa. Gwanin iyo ne zai faɗa ruwa kusa da jirgi, ya nutse ko ihu bai yi ba. Wuta ce ta zurara cikin ruwan daga wayar da ta saɓule. Miliamf 10 zuwa 15 kawai sun isa su sandarar da tsoka, hannu ya ƙi ɗaguwa, alhali bolt 230 ne ke shigowa gidajenmu.

Ruwan kogi ya fi na teku haɗari a nan. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta sosai, sai akasarinta ta bi ta gefen mutum ta wuce. Ruwan daɗi kuwa ba ya ɗaukarta kamar jikin ɗan Adam, saboda haka wutar takan zaɓi jikin.

Kogin Kaduna ba shi da irin waɗannan matsayai, kwalekwalen fito ne abinmu. Amma ruwan daɗi da wayar wuta suna haɗuwa a garin nan kullum. Idan kogi ya cika ya batse a watan Satumba, ruwa kan shiga gidaje a Kigo Road da Kabala Costain har ya haura soket, mutane kuma na tsamo katifa da buhunan hatsi, ƙafa tsundum cikin ruwa, ba wanda ya tuna ya zare katawut. Ga masu kiwon tarwaɗa da ke tsoma hannu cikin kududdufi famfo na aiki. Ga famfon sumo a rijiya, wanda aka haɗa wayarsa da baƙin salatif, rana ta busar da shi, damina ta jiƙa. Ɗauke wutar Kaduna Electric ma ba kariya ba ce, domin ba ta sallama in za ta dawo.

Maganin da ƙa'idar Amurka ta tilasta wa matsayan jirage shi ne na'urar RCD, mai auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar miliamf 30 sun ɓace, sai ta katse kafin ƙiftawar ido. Fis ba ya wannan aiki. Waya yake karewa daga ƙonewa, balle wanda aka ɗaure da zaren tagulla don kada ya riƙa "damun mutane". A Najeriya, hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba haɗin wuta, sai dai a ganina mai gidan haya da mai gyaran wutar unguwa su ne ke yanke hukuncin gaskiya, kuma wayar ƙasa ce farkon abin da ake tsallakewa don rage kuɗi.

In wuta ta kama mutum cikin ruwa, kada a bi shi. A kashe daga mita ko janareta tukuna, sannan a miƙa masa busasshiyar gora.