Wutar Daji: Inda Take Gyara da Inda Take Ɓarna



A watan Satumba na shekarar 2019, mazauna unguwar Taman Melati da sauran sassan birnin Kuala Lumpur na Malesiya sun wayi gari cikin hayaƙi kamar hazon hunturu, har aka rufe makarantu. Akasarin hayaƙin ya taso ne daga tsibirin Sumatra na Indonesiya, inda ake cinna wa daji wuta don share gonaki. Ƙasar wurin ta ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye ce da suka taru shekaru aru-aru. Idan aka janye ruwanta ta bushe, sai wuta ta nutsa cikinta, ta yi makonni tana ci ta ƙarƙashi. Dokar Malesiya dai ta hana ƙone-ƙone a sarari.

To, shin ko ina wuta ɓarna take yi? Masana sun ce a'a. Dazuzzukan ciyawa irin namu na Afirka ta Yamma sun saba da wuta, abin lura shi ne lokacin da aka sa ta. A wani gwaji da aka fara a 1936 kusa da Bouake a Kwaddibuwa, filin da ake ƙonawa a ƙarshen rani ya rasa yawancin itatuwansa, wanda kuwa ake ƙonawa a farkon rani itatuwa da yawa sun tsira. Dalili shi ne, da kaka ciyawa na da sauran danshi, wutar ba ta da zafi sosai, tana ci tsalli-tsalli, ta rage busasshiyar ciyawar da babbar gobara za ta ci da bazara. Wannan dabara ce ma'aikatan gandun dajin W na Nijar suka daɗe suna amfani da ita.

Sai dai fa akwai ƙa'ida. A nemi izinin jami'an gandun daji, a sanar da makiyaya da maƙwabta. A share faffaɗar hanya kewaye da wurin. A sa wutar da yamma in iska ta lafa, kaɗan-kaɗan, kada kowa ya tafi sai an tabbatar garwashi ya mutu.