Yadda ake sa kala a shamfu, da dalilin da ya sa ba kowace kala ake zubawa ba

Kalar shamfu ba ta wanke gashi ko kaɗan. Aikin wanki na sinadarai masu kumfa ne, irin wanda 'yan kasuwa ke kira Texapon. Idan aka haɗa su da ruwa, abin da ke fitowa garai-garai ne, ko kuma ya ɗan yi rawaya-rawaya. Ana sa kala ne don ido: kore ya tuna wa mai saye ganye, shuɗi ya tuna masa sanyi. To amma wannan ɗan abin, in aka yi sakaci da shi, yana iya ɓata kaya, har ma ya taɓa lafiyar mutum.

Mu fara da zaɓen kalar. Mafi yawan shamfu ruwa ne, don haka ana amfani da kala mai narkewa a ruwa. Duba bayan robar shamfunki, za ki ga haruffan CI da lamba. CI 19140 rawaya ce mai suna tatrazin, CI 42090 shuɗi ne, CI 17200 kuma ja. Lambar ita ce shaidar ainihin sinadarin. Tarayyar Turai ta jera kalolin da ta yarda a sa a kayan kwalliya a dokarta mai lamba 1223 ta 2009, a Najeriya kuwa NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan kaya. Rinin tufafi ba ya cikin wannan sahu. Wasu rinukan suna iya sakin sinadarai irin su benzidin, wanda aka tabbatar yana jawo kansar mafitsara. Saboda haka garin kalar da ba suna ba lamba, a bar shi a kasuwa.

Sai awo. Kalar tana da ƙarfi sosai, kaɗan ake buƙata. A ce za a haɗa kilo 10, ana son kala kashi 0.002 cikin 100. Giram 0.2 ke nan, abin da ƙaramin sikeli ba zai auna daidai ba. Dabarar ita ce a narkar da giram 1 na garin a giram 99 na tsabtataccen ruwa, sai a ɗebi giram 20 daga ciki. Awo ya yi sauƙi, kuma ba gudajin da zai tsaya bai narke ba. Kar dai a ajiye ruwan kalar ya daɗe ba sinadarin hana lalacewa, don ƙwayoyin cuta na hayayyafa a cikinsa.

Yaushe ake zubawa? A kusa da ƙarshe, bayan haɗin ya huce ƙasa da digiri 40, an daidaita tsaminsa zuwa pH 5 ko 6, an kuma sa turare. Dalili kuwa, tsami na iya sauya launin wasu kaloli, turare ma sau da yawa yana da tasa rawayar. Shi ya sa wani zai zuba shuɗi ya ga kore ya fito. Kuma a sa kala kafin gishirin da ke kawo kauri, tun haɗin na tsinke, don ta fi saurin gaurayewa. A ɗiga kaɗan-kaɗan, a juya a hankali gudun kumfa. Ƙari mai sauƙi ne, amma in ta yi yawa, cirewa ba ta yiwuwa.

Abokin gaba na ƙarshe shi ne rana. Haskenta yana karya sinadaran kala, su koɗe. Kamfanoni kan sa sinadarin da ke tare hasken, ko su zuba a roba mai duhu. Mai haɗawa a gida ma na iya gwaji: roba uku, ɗaya a taga, ɗaya a wuri mai zafi, ɗaya a duhu. Bayan 'yan makonni a jera su a kwatanta. In launi ya bambanta, a gyara haɗin kafin a kai kasuwa.