Shirin Musamman: Kuɗin Gado da Tallafin Tsufa a Birtaniya

Shirin na yau ya duba wata matsala da ke tasowa a Birtaniya, inda mutum zai gaji dukiya, ya kashe ta, sannan ya nemi tallafin gwamnati bayan ya yi ritaya.

Daga cikin kuɗin da gwamnati ke bai wa tsofaffi a can, iri biyu ne suka shafi wannan batu. Fanshon gwamnati haƙƙi ne da ya dogara ga gudummawar inshorar ƙasa da mutum ya biya lokacin da yake aiki, ana samunsa cikakke bayan shekara 35 na biya, kuma gado ba ya taɓa shi komai yawansa. Na biyun, wanda ake kira Pension Credit, aka kuma fara biyansa a 2003, ciko ne ga mai ƙaramin ƙarfi, saboda haka sai an auna abin hannun mai nema kafin a ba shi. Fam 10,000 na farko ba ya shiga lissafi, amma duk fam 500 da ya ɗoru a kai ana ɗaukarsa tamkar fam 1 ne ke shigo wa mutum a mako. Wanda ke da fam 30,000 a ajiye ke nan za a rage masa fam 40 duk mako.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙa'idar da ta shafi rabuwa da dukiya da gangan. Idan Ma'aikatar Ayyuka da Fansho ta gamsu cewa mutum ya rabu da kuɗinsa ne domin ya samu tallafi ko ya ƙara yawansa, sai ta yi lissafi kamar kuɗin na nan a hannunsa, ko da kuwa asusun ya bushe. Wannan ita ake kira dukiyar ƙaddarawa, wato wadda babu ita a zahiri amma doka ta ƙaddara akwai, kuma tana raguwa ne sannu a hankali gwargwadon tallafin da mutumin ke rasawa.

Niyya ce jami'in ma'aikatar ke bincika, kuma tun da ba a ganin zuciya, sai ya koma ga alamu: yaushe aka kashe kuɗin, a kan me, kuma ko mai su ya san iyakar da doka ta gindaya. Dokokin Pension Credit na 2002 sun keɓe biyan bashi da sayen kaya ko hidimar da suka dace da halin mutum, don haka wanda ya gyara rufin da ke yoyo, ya sauya tukunyar ɗumama gida da ta lalace, ya ajiye rasit ɗinsa, ba shi da fargaba. Wanda ya tura wa ɗansa rabin gadon ana saura wata guda ya cike takardar nema kuwa, sai ya yi dogon bayani. Da yawa suna ruɗewa da wa'adin shekara bakwai da ke kan kyauta, alhali wannan na harajin gado ne, bai shafi tallafi ba.

Wannan ya shafi Hausawa mazauna can kai tsaye, domin kuɗin da aka aika wa 'yan'uwa a gida don zumunci kyauta ce a idon doka, gidan da aka gina a Kano ko Maraɗi kuma dukiya ce da ake lissafawa. Ƙa'idar tana da hujja, tun da aljihun masu biyan haraji take karewa, sai dai nauyinta ya fi faɗawa kan wanda bai saba ajiye takarda ba.

Duk wanda aka yanke wa hukuncin da bai gamsu da shi ba, yana da wata guda ya nemi a sake dubawa, daga nan ya ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta musamman. Mai sauraron da gado ya shigo hannunsa ya sanar da ma'aikatar da wuri, ya kuma adana rasit na kowane babban kuɗin da ya kashe.