Ƙishirwar Iska da Noman Rani

'Yan'uwa manoman Tozai da na bakin Bunsuru, kowa ya san ranar da zai ba albasa ruwa da safe, kafin la'asar fangali ya bushe ƙayau. Ba ƙasa kaɗai ke shan ruwan ba. Iska ma tana da ƙishirwa. In ta yi zafi kuma ba laima a cikinta, kamar a hunturu da bazara, sai ta zuƙe ruwa daga ƙasa da ganyen shuka.

Ga lissafi. In ruwa mai zurfin milimita 1 ya tashi daga hekta guda, lita 10,000 ke nan. In ya kai milimita 8 a yini, an yi asarar duro 400. Da fetur za a mai da wannan ruwa, ga shi kuwa tun 2023 da aka janye tallafi fetur ya yi tsada.

Bayan farin 1973, ƙasashen Sahel suka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974 don lura da yanayi. A Nijeriya hukumar NiMet ke wannan aiki. Yanzu masana suna koya wa kwamfuta. Sukan ba ta awon zafi, da iska, da laima na shekaru masu yawa, har ta gane yadda ɗaya ke biye da ɗaya, kamar yaron da ya daɗe yana bin ubansa gona. Daga nan sai ta kintaci bushewar iska ta kwanaki masu zuwa.

Amma tashoshin awo ba su da yawa a ƙasarmu, saboda haka kintace yakan kuskure. In ka ji a rediyo za a yi zafi da busasshiyar iska, je ka haƙa taƙi guda, ka dunƙula ƙasar a hannu. In ta wargaje, ba da ruwa da yamma ko da asuba. In ta dunƙule, adana fetur ɗinka. Ka kuma rufe gindin tumatir da ciyawa, laima za ta daɗe.

Yusufu bai hana yunwa zuwa Masar ba, amma da Allah ya sanar da shi, ya yi tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwanmu.