Waɗanda Suka Ɗaukaka Adabin Kasuwar Anacha

Duk fatken da ya taɓa sauke kaya a babbar kasuwar Anacha ya san ta da hada-hadar ciniki. Amma a shekarun 1950 da 1960 ta yi suna kuma wajen sayar da ƙananan littattafan soyayya da na nasiha cikin Turanci mai sauƙi, waɗanda manyan 'yan boko suka raina.

Cikin waɗanda suka share fagen akwai Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna a 1921. Da irin waɗannan littattafai ya soma, sa'an nan ya zama babban ma'aikaci a gidan rediyon Nijeriya. A 1962 ya fitar da Burning Grass, labarin Fulani makiyaya.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya rusa kasuwar, cinikin littattafan bai sake komawa kamar da ba. Sai Dokta Emmanuel Obiechina, malamin jami'a, ya wallafa nazarinsu a 1973. Chinua Achebe, wanda shi ma tsohon ma'aikacin rediyo ne, ya rubuta masa gabatarwa. Ta haka abin da aka raina ya shiga ajin jami'a.

Haka aka yi a Kano cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya soki littattafan soyayya na Hausa, ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuwa ya kare su a jaridu. Wannan muhawara ta jawo hankalin manazarta gare su, har ɗalibai suka shiga rubuta kundaye a kansu.