Yadda Ake Ƙara Wa Hatimin Rasit Tawada Ba Tare Da An Kashe Shi Ba

Duk wanda ya taɓa rako shanu zuwa Kudu ya san darajar takarda mai hatimi. Ni ɗan Udubo ne, ƙaramar hukumar Gamawa, kuma ni ke rubuta wa Baba rasit idan ya sayi dabbobi a Azare ko Potiskum. Bara mun loda tirela za ta Oko-Oba da ke Agege, aka tsare ta a wani shinge don sunan Baba bai fito a hatimin ba. Shanu suka wuni a rana, har guda ta kwanta. Laifina ne, domin ni na zuba masa tawadar da ba tasa ba.

Hatimi iri uku ne. Akwai na gargajiya da ake dangwalawa a kan soson tawada, wannan ba ya buƙatar bayani. Akwai mai juyawa da kansa, irin na Trodat ko Shiny, wanda sosonsa ke ciki. Sai na uku, wanda robar rubutun kanta ke riƙe tawada a cikin ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Irinsa ne namu, kuma nan mutane ke yin kuskure.

Na farko da na biyu tawadar ruwa suke sha, shi kuwa na ukun tawada mai maiƙo yake so. Idan ka zuba masa ta ruwa, biyun ba sa haɗuwa, ƙofofin su toshe, rubutu ya riƙa fitowa rabi-rabi. Daga nan sai dai sabo. Don haka in za ka saya, tafi da hatimin shagon, ka nuna wa mai kaya. Kada kuma ka canza launi. Shuɗi kan baƙi ba ya yin kyau.

Zubawar ba wuya. Cire murfin sama, za ka ga rami ɗaya ko biyu. Ɗiga kaɗan, kamar ɗigo uku zuwa biyar a kowane rami, ka mayar da murfi, ka ajiye shi a tsaye ya kwana. Wallahi gaggawa ce ke ɓata aikin: mutum ya buga nan take bai ga canji ba, sai ya ƙara tuttulawa, washegari rubutu ya cakuɗe ya ɓata littafin rasit. Da safe ka gwada a tsohuwar takarda sau biyar ko shida kafin ka taɓa ta ciniki.

Mai juyawar kuwa, danna shi kaɗan, ka zaro soson, ka ɗiga masa tawadar ruwa, ka jira ta shige.

'Yan uwa masu rumfa a Sabo ta Ibadan ko Mile 12, kada ku bar hatimi a gaban mota cikin zafi, tawadar takan tsiyaye. Namu yanzu a jakar Baba yake kwana da murfinsa, kuma ina gwada shi tun ana jibi za a yi lodi.