CAJAR WAYAR HANNU DA HAƊARIN WUTAR LANTARKI

Wutar lantarkin da ke shiga gidaje da kantuna a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne, ko ta fito daga kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ke kula da Jihar Bauchi tun 1 ga Nuwamba 2013, ko daga janareta. Wayar hannu kuwa yawanci bolt 5 take sha. Tsakanin wutar da ke iya kashe mutum da wadda yaro ke riƙewa a tafin hannunsa babu kome sai ɗan akwatin nan da ake kira caja. Saboda haka ya kamata jama'a su san abin da ke cikinsa, musamman masu sana'ar cajin waya da masu gyara a garuruwa irin su Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira, da Azare.

YADDA CAJA KE AIKI

A da, rediyo da rakoda suna da taransifoma mai nauyi da ke rage ƙarfin wuta. Cajar zamani ta bi wata hanya. Da farko takan miƙar da wutar soket, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, ta tara ta a wani ɗan tulu da ake kira kafasita, inda ƙarfinta ke kaiwa wajen bolt 325. Sa'an nan ta riƙa kunna ta tana kashewa sau dubbai a kowace daƙiƙa, ta tura ta cikin wata 'yar taransifoma da ba ta wuce kan ɗan yatsa ba. Wannan sauri shi ya sa caja ta ƙanƙance ta yi sauƙin kuɗi.

A cikin 'yar taransifomar akwai naɗin zaren tagulla guda biyu, ɗaya na babbar wuta, ɗaya na ƙarama, kuma ba sa taɓa juna ko kaɗan. Ƙarfin maganaɗisu ne ke tsallakar da wutar daga wannan zuwa wancan. Ko saƙon da ke komawa baya don daidaita wutar, a cajoji da yawa da haske ake aika shi, don kada wani ƙarfe ya haɗa ɓangarorin biyu. Wannan rabuwa ita ce katangar da ke tsare rai. An gina ta da leda mai hana wuta wucewa, da tazarar milimita kaɗan da ake bari fili a kan allon cajar.

INDA JABU KE HA'INCI

Mai ƙera cajar jabu a nan yake rage kuɗi. Yakan sa leda falle ɗaya inda ake bukatar ninki, ya matse tazarar har ta koma kamar kaurin farce. Abin takaici shi ne irin wannan caja tana cika waya sarai, mai ita ba zai ga aibinta ba sai ranar da katangar ta rushe. Ƙurar hunturu da ke shiga ciki, da laimar damina, da hauhawar wuta lokacin da aka dawo da ita ko aka tayar da janareta, kowannensu na iya zama sanadi. Daga nan bolt 230 ya bi igiyar caja ya isa jikin wayar.

Wannan ba zato ba ne. A 2013 wata budurwa ta rasu a ƙasar Sin tana amsa wayar da ke jone da caja, har kamfanin Apple ya shiga karɓar cajojin da ba nasa ba yana musanyawa da rangwame. A 2016 kamfanin gwaje-gwaje na UL ya auna cajojin jabu 400 masu ɗauke da sunan Apple, 3 kaɗai suka ci jarrabawar wannan katanga.

Wutar da ke kisa ba ta da yawa. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya mutum zai ji shi, kashi 10 na iya ƙanƙame hannu ya kasa saki, daga kashi 30 zuwa sama kuwa bugun zuciya na iya rikicewa. Jiƙaƙƙen jiki da ƙafa ba takalmi a kan siminti su ne ke buɗe wa wuta hanya zuwa ƙasa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A sayi caja ta ainihi ko da ta fi tsada, a tuna kuma tambari kaɗai ba shaida ba ne, don masu jabu ma suna bugawa. Hukumar SON, mai kula da ingancin kayayyaki, ita ake kai wa ƙarar kayan jabu. Cajar da ta tsage, ko take zafi ƙwarai, ko take ƙara, ko take jan hannu, a jefar da ita. Naɗe ta da salatif ba gyara ba ne. Kada a yi waya tana kan caji da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma a kwana da ita a kan katifa. Mai rumfar caji, wanda ke jona cajoji masu yawa a katako ɗaya, ya sa ma'aikacin lantarki ya ɗaura masa na'urar nan mai yanke wuta da kanta da zarar kashi 30 cikin dubu na amfiya ya zurare.

Masu gyara su lura, kafasita na iya riƙe wuta bayan an zare caja ko talabijin daga soket. A sauke ta, a auna da mita, kafin a kai hannu.

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi. A kashe ta daga tushe, ko a ture shi da busasshen itace. In ba ya numfashi, a shiga danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi ba tsayawa, a nemi mota. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin tarayya da ke Azare, a duba zuciyarsa.